Ni da Ghana Rana Ɗaya Aka Yaye Mu

A duk telolin da suka taɓa taka keken ɗinki a Kumasi, daga Zango har Kejetia, ni kaɗai ne aka yaye da harbin bindiga. Ranar da na fita daga hannun maigidana an rufe makarantu, an rufe ofisoshi, majami'u sun kaɗa ƙararrawa, direbobin lori sun yi ta danna hon har sai da yatsunsu suka kumbura. An yi ganga, an yi maci, mata sun yi guɗa har muryoyinsu suka dishe. Wanda bai yarda ba ya je ya tambaya. Sai dai yawancin waɗanda za a tambaya sun riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansu, shi ya sa nake faɗa da ƙarfi haka.

Abin da ya tayar mini da wannan zance, makon jiya na bi ta tsohon layinmu na tarar an rushe shagon Masta, maigidan nawa. Wai bene za a gina. Na tsaya ina kallon tarin ƙasa da ruɓaɓɓen katako, wani lebura ya ce mini, "Baba, matsa, kana tare hanya." Ni da na share ƙofar nan shekara bakwai, ni ne mai tare hanya! Wurin ma da na gan shi a buɗe sai ya ba ni dariya, don bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Amma a cikinsa keke uku suka zauna, da teburin yanka, da dutsen guga, da Masta, da mu yaransa, da duk wani marar aikin yi na unguwa da ya zo jin labari. In kekunan nan uku suka tashi gaba ɗaya, sai ka ce ruwan sama ne kan kwano. Ta bayan bango mata na zaɓen goro, ƙamshin jiƙaƙƙen ganye na shigo mana, suna zagin juna da Hausa suna sasantawa da Twi, yaren Asante. Ta gaba mai koko da ƙosai na kiran ciniki, mai wake da shinkafa na kankare gindin tukunya. Yanzu layin ba ka jin komai sai kaset, kowane shago da nasa, kowa na neman ya kurmantar da maƙwabcinsa.

Koyon ɗinki a lokacin ba wasa ba ne. Shekarar farko ba ka taɓa keke sai dai ka goge shi ka ɗiga masa mai. Aikinka shara, da hura gawayin guga, da sa maɓalli, da aike. Shekara ta biyu a ba ka takardar buhun siminti ka yi ta ɗinka ta da allura ba zare, layi bayan layi, Masta ya ɗaga ta a rana ya ga ko ramukan sun miƙe. Sai an ga ka daina karkata sannan a ba ka wandon yara. Yaran yanzu? Wata takwas yaro zai yi a shagona ya fara tambayata yaushe za a yaye shi, in na yi shiru ya tattara ya tafi Suame koyon gyaran mota. Ban ga laifinsu sosai ba. Wa ke ɗinka riga yanzu, ga gwanjo nan dila-dila a kasuwa, wanda Asante ke ce wa kayan mataccen Bature?

Masta gajeren mutum ne, iyayensa hanyar goro suka biyo daga Arewa suka zauna. Magana ba ta dame shi ba, sai ya wuni bai yi jimla goma ba. Kullum akwai allura soke a hularsa. In ka kawo masa aiki kana murmushi kana nuna masa gaban, ba ya ko kallo, sai ya ce, "Juya min bayan." Ya bi ɗinkin da babban yatsa, ya kama gefe biyu ya fizga, in bai farke ba ya ajiye, in ya farke ya miƙo maka ba tare da ya ɗago kai ba. Ni kuwa Allah ya yi ni da baki. Har suna suka sa mini a layin, wai Rediyo. Sau biyu ana sa ranar yaye ni ana ɗagawa. Na farko na ɗinka wa wani mahauci wando ƙafa ɗaya ta fi ɗaya tsawo, mutumin ya kwana uku yana zagaye wuri ɗaya. Na biyu ina ba da labari na bar dutsen guga kan babbar rigar wani malami, da na waiwayo ana hango teburi ta cikin rigar. Sa'o'ina duk an yaye su, wasu har sun yi yara nasu, ni ina nan ina hura gawayi da gemu a haɓa.

Ana cikin haka Tica ya zo. Tica shi ne malamin makarantar bokon da yaran Zango ke zuwa, dogon mutum mai keke, kullum da alli a aljihu. Ya jingina kekensa, ya gaida Masta, ya ce dattawan unguwa sun yanke shawara ranar da ƙasa za ta karɓi mulkin kanta yaran Zango ba za su shiga filin maci hannu sake ba. Suna son tuta babba, wadda za a hango daga nesa a san mu ma muna nan.

Masta ya ce, "Wace rana ce?"

"Laraba ta sama. Kuma Masta, ba haka kawai aka zaɓe ta ba. Fiye da shekara ɗari da suka wuce, a daidai wannan rana ta wannan wata, sarakunan bakin teku suka sa hannu a takarda da Turawa. Ranar da aka ƙulla, ranar za a kwance."

Wani tsoho mai sayar da goro da ke zaune bakin ƙofa ya ce, "Tica, wane wata? Namu ko nasu?"

"Nasu, Baba."

"To ai ba rana ɗaya ba ce. Mu a wurinmu farkon Sha'aban ne. Waccan ta sarakunan, ka san ko a cikin azumi aka yi ta?"

Suka kaure da gardama. Tica na cewa kwanakin shekara kamar lorin Kejetia ne, wata rana ta tashi wayam, wata a lafta mata kaya har ta durƙusa. Tsoho na cewa shi dai bai taɓa ganin ranar da ta tafi ta dawo ba. Ni kuwa kunnena ya riga ya miƙe. Rana mai ɗaukar manyan abubuwa! Na ce a raina, in lori ce, ai akwai wurin mutum ɗaya a baya.

Tica ya zaro alli ya zana tutar a jikin ƙofar shago: ja a sama, ruwan ɗorawa a tsakiya, kore a ƙasa, baƙin tauraro mai ƙafa biyar a tsakiyar ruwan ɗorawar. Masta ya daɗe yana kallo, sannan ya juyo gare ni.

"Rediyo."

"Na'am, Masta."

"Kai za ka yi ta, kai kaɗai. In ta fita lafiya, ranar da la'asar in ba ka almakashi. In ba ta fita ba, azumi ya ƙarato, ɗinkin Sallah na zuwa, ba na sakin hannu a lokacin."

Kowa a shagon ya san ma'anar wannan. In aka shiga ɗinkin Sallah, sai na Babbar Sallah ya biyo, daga nan Masta ya manta, shekara ta juyo. Wato ko in fita Larabar nan, ko in shiga ta takwas.

Ban taɓa aiki irin na makon nan ba. Na je kasuwa wurin wata Mame, 'yar Asante mai yadi, na sa ta sauke duk ruwan ɗorawar da ke rumfarta, har ta ce, "Ei, aboki, tuta za ka ɗinka ko aure za ka yi?" Na auna sau uku kafin in yanka sau ɗaya. Na daina ba da labari, har matan goro suka leƙo ta kan bango suna tambaya ko Rediyo ba shi da lafiya. Tutar ta yi girman da ba ta buɗuwa a shagon, sai dai a naɗe, ana jan gefen da ake ɗinkawa. Tauraron ne ya ba ni wuya. Na ɓata takardar siminti ta kai ta gina ɗaki kafin ƙafafunsa biyar su daidaita. Da ya fito, sai na kai shi gida don in nuna wa Inna, mahaifiyata.

Inna na tankaɗe. Ta karɓa da bayan hannu, ta juya shi, ta ce, "Ya yi kyau. Ina ɗan'uwan?"

"Wane ɗan'uwa, Inna?"

"Jinjirin watan. Tauraro shi kaɗai kamar maraya? A ina ka taɓa gani?"

Na tsaya. Gaskiya a ina na taɓa gani? A kan masallaci tare suke. A goshin lorin Alhazai tare suke. A faifan da ake kai goron biki, a allon saukar karatu, har a jikin akwatin auren Inna, tare suke. Tun da aka haife ni a Zango ban taɓa ganin an zana tauraro an bar shi ba wata a gefensa ba.

Na ce, "Tica bai zana ba."

Ta ce, "Tica ɗan boko ne, sauri yake. Ya manta. Kai da za a yaye, kai ne za ka manta?"

Wannan magana ta shige ni har ƙashi. Na ga hanyar da zan nuna wa Masta cewa ba ɗinki kawai na iya ba, har da hankali. Washegari na samo farin alawayyo, na yanko jinjirin wata mai kyau, siriri, kamar na daren Sallah, na rungumar da shi ga tauraron. Na rage takun keke zuwa mafi ƙanƙanta, na bi shi sau uku, layi kan layi. Na ce wannan ko jikokin jikokina ba za su ga farkewarsa ba. Ban gaya wa kowa ba, so nake ya zama abin mamaki.

Ana gobe biki na kawo wa Masta ita a naɗe. Ya bi kalmasa da yatsa. Ya duba inda ja ya haɗu da ruwan ɗorawa, ya fizga, bai farke ba. Ya duba hannun da sanda za ta shiga, ya fizga, shiru.

"Tauraron fa?"

"Yana ciki, Masta, yana barci."

"Ƙafa nawa?"

"Biyar cif."

Ya ajiye. A bakin Masta, ajiyewa ita ce yabo. Na tafi gida ina jin ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Inna ta riga ta sayi goro, ta gaya wa liman, ta aro tabarmi.

Wayyo Larabar nan! An ce can Akra, da tsofaffinmu ke ce wa Ankara, tun kafin gari ya waye aka sauke ta Turawa aka ɗaga sabuwa. Mu a Kumasi da hantsi abin ya kankama. Manyan gangunan Asante na ruri daga cikin gari kamar hadari, kalangun mahauta na amsa musu daga Zango, ƙararrawa na bugawa, lori na wucewa maƙil da samari suna ihun "Firidom! Firidom!" Mata sun sha atamfa, tsofaffi sun fito da rigunan da sai Sallah ake ganinsu. Ba kowa ne ya yi murna iri ɗaya ba, don shekarun nan siyasa ta raba garin, akwai gidajen da suka rufe taga. Amma mu matasa ina ruwanmu, ko bikin sunan akuya aka yi da ganga irin wannan za mu fito. Na ɗora tuta a ka na nufi ƙofar makaranta, ina tafe ina gaisawa da mutanen da ban sani ba.

A hanya na fara ganin yara da 'yan ƙananan tutoci na takarda a hannu. Na duba ɗaya, tauraro shi kaɗai. Na duba wata, shi kaɗai. Wata babba a saman kanti, ita ma haka. Kun san abin da na ce? Na ce, "Kaico, duk ƙasar nan an manta, sai ni." Har tausayin gwamnati na ji.

A ƙofar makaranta yara sun jeru, dattawa na kan benci. Aka kawo doguwar gora aka zura, samari huɗu suka ɗaga. Iska ta zo kamar an aiko ta, tuta ta buɗe fal. Jama'a, Zango ta ɗauka! Mata suka rangaɗa guɗa. Dattawa na "Masha Allah, masha Allah." Tsohon nan mai goro ya miƙe ya riƙe hannuna ya ce, "Ashe gwamnatin nan ta san da mu!" Inna na cikin mata tana nuna ni da haɓa. Ni kuwa na buɗe ƙirji, ina ji kamar ni na kori Turawan da hannuna.

Sai ga Tica a kan keke. Ya ɗaga kai, ya ga tuta, ya manta da birki. Sai da ya shiga cikin tiren mai lemo sannan ya tsaya.

"Rediyo! Mene ne wannan?"

"Gyara ne, Tica. Ka manta, na cika maka."

"Na manta? Innalillahi! Wannan tutar wace ƙasa ce? Ku sauke! Ku sauke kafin a gani!"

Amma an riga an gani. Wani sajen 'yan sanda da aka turo ya raka yara fili ya ratso taro. Ɗan Moshi ne, ƙato, an ce ya yi yaƙin Bama a sojan Turawa, gashin bakinsa kaɗai ya isa ya tare hanya. Ya tsaya ya kalli tuta, ya kalle mu, ya yi magana da Hausarsa ta bariki.

"Wane ne ya dinka wannan?"

Hannuwan da ɗazu ke shafa kafaɗata duk suka nuna ni.

"Kai, dan'uwa, kana so ka kashe mu? Gari ya yi zafi paa. In wannan ya shiga fili, za su ce Zango ya yi kasa nasa. Dutse zai tashi, yara ne a gaba. Ni ma Musulmi ne, amma wannan ba masallaci ba ne. In an busa bigila, yara za su tafi. Ko ka cire shi, ko tuta ya zauna ofis. Kuma gobe zan zo in ga mai shago."

Dattawa suka rabu biyu. Wasu na cewa a cire, wasu na cewa wallahi ba a cire wata a ƙasar nan suna raye. Tsoho mai goro har ya fara naɗe hannun riga. Ni ban ji sauran ba. Abin da na ji kawai shi ne ƙarar gawayi a dutsen guga, shekara guda cur. Aka shimfiɗa tuta a barandar makaranta, wani ya miƙo mini reza, na durƙusa.

A nan na gane na iya ɗinki. Layi ukun nan sun kama yadi kamar da shi aka saƙa su. Na sa reza, ta zame. Na sa haƙori, haƙorin ya yi ƙara. Gumi na zuba a idona, yara na leƙe ta kafaɗata, Tica na duba agogo yana karanto duk addu'ar da ya sani. Can na ji masu badujala sun fara gwada ƙaho daga nesa, na yi gaggawa, reza ta wuce ta yanki ruwan ɗorawar kusan tsawon yatsa, ta haɗa da babban yatsana. Taro ya ce "Ash!" baki ɗaya. Na ɗaga hannu sama don kada jini ya ɗiga, na tsaya a haka kamar mai rantsuwa a kotu. Na hango Inna ta ja mayafi ta rufe fuska.

Ban ga zuwan Masta ba. Na dai ga mutane na darewa, sai ga shi da tafiyarsa ta kullum, kamar mai zuwa sayen zare. Bai kalle ni ba. Ya tattare rigarsa ta biki ya zauna a ƙasa, ya jawo tutar kan gwiwarsa, ya miƙo hannu na ba shi reza.

"Juya min bayan."

Muka juya. Ya sa bakin reza a zaren ƙasa, ya tsinke ɗaya, ya tsallake huɗu, ya tsinke ɗaya, ya tsallake huɗu, yana bin layin a hankali kamar mai jan carbi. Ya gama na farko, ya bi na biyu, ya bi na uku. Sannan ya ce a juyo gaban, ya kama bakin zaren sama ya ja. Zuuu, layi ya taho gaba ɗaya. Sau uku ya ja, jinjirin wata ya faɗo a cinyarsa kamar ɓawon ayaba. Ya ninke shi ya miƙa wa tsoho mai goro, tsoho ya karɓa da hannu biyu ya sa a aljihu. Saura yankan da na yi. Ba zare ruwan ɗorawa a wurin. Masta ya buɗe bakin kalmasa kaɗan, ya zaro zare daga jikin yadin kansa, ya cire allurar hularsa, ya kama yankan baki da baki. Bigila ta tashi yana cizge zaren.

Aka ɗaga. Saje ya zagaya gaba, ya zagaya baya, ya murɗa gashin baki, ya ce, "Yanzu ya zama Ghana." Yara suka taka.

Amma ku ji ikon Allah. Da muka fito babban titi rana ta bugi tutar ta baya, sai ga ramukan allurar nan layi uku, haske na ratsa su, jinjirin wata na nan ɓoye a gefen tauraro, ba ya ganuwa sai ga wanda ya san yana nan. Tsoho mai goro ya fara gani, ya zunguri na kusa da shi, magana ta bi layi har wurin mata, guɗa ta sake tashi. Saje ya waiwayo bai ga komai ba. Muka shiga fili a haka, cikin ƙura da kiɗa da harbin bindiga, yaran Zango ƙafa ba takalmi suna buga ƙasa kamar sojoji, tutarmu ta fi ta kowa girma. Wata Mame da ban taɓa gani ba ta rungume ni ta zazzaga mini hoda a ka. Na yi ihu, na yi rawa da yatsa a naɗe da tsumma, na manta da komai. Ban taɓa ganin mutane da yawa haka suna murna da abu ɗaya a lokaci ɗaya ba, kuma ban sake gani ba. Yanzu in ranar ta zagayo, yarana barci suke yi har azahar, wai hutu ne.

Sai da aka kira la'asar murna ta sauka daga kaina. Na taho shago ina jan ƙafa. Na tarar an shimfiɗa tabarmi, goro na cikin faifai, liman ya zauna, dattawa sun zauna, Tica na nan da gwiwar wandonsa a yage. Inna na can gefe, ba ta yarda mun haɗa ido ba. Na durƙusa a gaban Masta, ina jiran ya ce a mayar da goro.

Liman ya ce, "To, Malam, yaro ya shekara bakwai a hannunka. Ka sake shi?"

Masta ya gyara zama. Sannan ya sa hannu ƙarƙashin teburi ya zaro sabon almakashi da tef, ya ɗora mini a tafin hannu.

"Na sake shi. Allah ya ba shi sa'a."

Aka shafa fatiha, guɗa ta tashi, goro ya zagaya. Tica ya ce to, yanzu rana ta ɗauki abu uku: takardar sarakuna, da mulkin kai, da Rediyo. Ina jin haka kaina ya dawo girmansa na da. Na rataya tef a wuya, na matsa kusa da Masta, na ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Masta, ashe dai ka ga aikin. Layi ukun nan, ko kai sai da ka zauna a ƙasa!"

Ya ɓare goro, ya jefa rabi a baki, ya tauna, sannan ya kalle ni, karo na farko a ranar.

"Saje ya ce gobe zai zo ya ga mai shago. So nake in ya zo in ce masa wannan ba yarona ba ne."